"Ni dai direba ne": Wasan da ya kamata matasan Isa da Sabon Birni su gwada

A kowane fim ɗin fashi akwai mutum ɗaya da masu kallo suke yafe wa tun kafin a gama. Shi ne wanda ke zaune a mota a bakin titi, inji na aiki, hannunsa a kan sitiyari, yana jiran abokansa su fito da jakar kuɗi. Bai riƙe bindiga ba, bai daka wa kowa tsawa ba. Fina-finan Amurka irin su Drive na 2011 da Baby Driver na 2017 a kan wannan mutumin aka gina su kacokan, kuma duk wanda ya kalla zai tashi yana jin cewa ai direban nan yaron kirki ne, ƙaddara ce kawai ta haɗa shi da miyagu.

A can nishaɗi ne, a kalla a watse. A Isa da Sabon Birni kuwa mun san wannan mutumin a zahiri, sai dai shi babur yake tuƙawa. Shi ne wanda ya san hanyar da ta ɓulle ta bayan gari, ya san inda yashi ke kama taya da inda ake ƙetare gulbi da rani. Shi ne wanda idan dubunsa ta cika yake cewa, "Wallahi ni dai ɗauko su kawai na yi." Ra'ayina shi ne matasanmu suna buƙatar wurin da za su hau kujerar wannan mutumin su ji nauyinta, ba tare da an zubar da jinin kowa ba. Akwai wasan da ke ba da wannan damar, kuma bai fi ƙarfin aljihun kowa ba.

Wane irin wasa ne?

Wasan labari ne da ake yi a zaune. Turawa a kan tebur suke yi, mu tabarma ta ishe mu. Mutum huɗu ko biyar za su zauna. Ɗaya shi ne mai jan labari, shi ke faɗin inda ake da abin da ke faruwa, shi ke magana da bakin duk wanda aka haɗu da shi a hanya. Sauran kowa zai ɗauki mutum ɗaya a cikin labarin, ya rubuta sunansa a takarda, da sana'arsa, da abin da ya iya, da abin da yake tsoro. Mai jan labari zai ce, "Kun iso kwana, ga itace an gindaya a hanya, me za ka yi?" Kai kuma ka amsa a matsayin mutumin da ka ɗauka. Idan abin da ka ce za ka yi yana da haɗari, sai a jefa ƙwayar ludo ta raba gardama. Babu wanda ya san ƙarshen labarin, har shi mai ja ɗin.

Wanda ya fi shahara a irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Shi labarinsa na dodanni ne da masu takobi. Daga baya aka samu waɗanda suka fi kusa da rayuwar titi. A 2010 Vincent Baker ya fitar da Apocalypse World, kuma cikin mutanen da ɗan wasa zai iya zaɓa akwai direba, da motarsa da komai. A 2017 John Harper ya fitar da Blades in the Dark, inda 'yan wasa gaba ɗaya gungun masu laifi ne, kuma duk aikin da suka yi yana ƙara jawo musu idon hukuma, ana rubutawa, ba a mantawa.

Ƙa'idar Apocalypse World mai sauƙi ce, kowa zai iya aro ta. A jefa ƙwaya biyu a haɗa lambobin. Idan an samu 10 zuwa sama, ka yi nasara sumul. Idan an samu 7 zuwa 9, ka yi nasara amma da asara: ka tsallake shingen, sai dai wani ya ga fuskarka. Idan 6 ne zuwa ƙasa, abu ya lalace, mai jan labari ne zai faɗi yadda ya lalace. Ka yi lissafi da kanka: ƙwaya biyu suna iya faɗuwa ta hanya 36, kuma idan ba a ƙara maka makin gwaninta ba, 6 kacal daga ciki ne ke ba da nasara sumul. Guda 15 nasara ce mai ciwo, 15 kuma faɗuwa ce. A fim direba yana tsira ne saboda marubuci yana son sa. Ƙwaya kuwa ba ta san kowa ba.

Kada wani ya ce wannan baƙon abu ne a ƙasar Hausa. A bikin kalankuwa samari sukan naɗa sarkinsu da alƙalinsu da ɗan dokansu, kowa ya taka rawarsa. A tashe yaro kan zama tsoho mai gemun auduga. A Damagaram akwai wasan kara, inda talaka ke shigar manyan ƙasa yana kwaikwayonsu a gaban jama'a. Mun daɗe da sanin cewa shiga rigar wani na ɗan lokaci yana koya wa mutum abin da wa'azi kaɗai ba ya koyarwa.

Matsalar direba a wasa

Duk wanda ya san irin wannan wasan zai gaya maka cewa rawar direban gudu tana da matsala ɗaya. Sauran 'yan wasa sun shiga ciki, ana ta dambarwa, ana jefa ƙwaya, shi kuma yana waje yana jira. Minti ashirin na iya wucewa bai ce uffan ba. Da yawa sukan ɗauka cewa maganin abin shi ne a ƙara masa tsere da kwana-kwana. Ni a ganina jiran nan shi ne zuciyar rawar, kuma mai jan labari da ya san aikinsa a nan zai matse shi.

Ga misali, na ƙirƙira ne don a gane. Ka ɗauki wani saurayi ɗan kabu-kabu, babur ɗin ba nasa ba ne, kullum sai ya kai wa mai shi balas. Mahaifiyarsa na kwance, ana neman kuɗin magani. Wani da suka yi makarantar allo tare ya ce masa, "Mutum biyu za ka sauke a bakin gari da magariba, ka jira su, dubu ashirin." Bai tambayi me za su yi ba, don ya san amsar. Yanzu ga shi a gindin tsamiya, ya kashe fitila. Mai jan labari ya ce, "Ga wata yarinya mai tallar gyaɗa ta taho, ta gane ka, ta ce yaya ina wuni." Me za ka ce mata? Ya ƙara cewa, "Ka ji ihu daga cikin gari, kuma muryar ta yi kama da ta mai shayin da ke ba ka bashi." Za ka tayar da babur ka tafi ka bar su? Za ka tsaya? Idan ka tafi, sun san gidanku. Idan ka tsaya, da ƙafarka za su tsira.

A nan ne ɗan wasa ke gano abin da fim ke ɓoye masa. Waɗanda suka shiga ciki ba za su shiga ba da ba su tabbata akwai mai jiran su ba. Direba bai zo daga ƙarshe ba, da shi aka fara lissafi. Hausawa sun gama magana tun tuni: da ɗan gari akan ci gari.

Doka ma haka ta gani

Wannan ba falsafar majalisar shayi ba ce kawai. A dokar Final Kod da jihohin Arewa suka gada tun 1960, idan mutane suka haɗu a kan niyya ɗaya suka aikata laifi, kowannensu yana ɗaukar laifin kamar shi kaɗai ya yi. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, a laifin fashi da makami mai gadi da mai taimako hukuncinsu ɗaya ne da wanda ya aikata da hannunsa. A Amurka akwai shari'ar Earl Enmund, wanda ya zauna a mota yayin da abokansa suka kashe wasu tsofaffi biyu, mata da miji, a wani fashi a Fulorida a 1975. Kotu ta yanke masa hukuncin kisa. Sai a 1982 Kotun Ƙolin ƙasar ta soke hukuncin kisan da rinjayen alƙali biyar a kan huɗu, amma laifin bai sauka daga kansa ba. Mutumin da ko ƙofar gidan bai taka ba, ƙuri'ar alƙali ɗaya ce ta raba shi da mutuwa.

A nan gida, tun watan Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, kuma dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022 ta haɗa har da masu ba su tallafi. Wato mai kai mai, mai kai burodi, mai kai labari da mai ɗauko su a babur, babu wanda "ni dai aike na aka yi" za ta fitar.

Ku tuna matakan da gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta ɗauka a watan Satumban 2021. An rufe hanyar Marnona zuwa Isa, an hana sayar da fetur a jarka, an hana goyon mutum biyu a babur, an taƙaita lokacin zirga-zirgar babura, sannan aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar. Ko ka yarda da matakan ko ba ka yarda ba, dubi abin da suka nufa: mai, babur, hanya da waya. Duk kayan aikin direba ne. Hukuma ta san cewa bindiga ba ta tafiya da ƙafarta daga daji zuwa gari.

Kuma mun ga abin da wannan zirga-zirgar ta haifar. A watan Mayun 2020 an kashe mutum sama da 70 a ƙauyukan Sabon Birni, ciki har da Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari. A farkon Disambar 2021 aka tare motar matafiya a kusa da Gidan Bawa aka banka mata wuta, mutum sama da 20 suka rasu. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, kuma a hannunsu ya rasu. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya. Dubban mutanenmu sun tsallaka iyaka zuwa yankin Maraɗi suna gudun hijira. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan hare-hare akwai wanda aikinsa riƙe kan babur ne.

"To wasa da wannan bai zama rashin imani ba?"

Na san za a yi wannan tambayar, kuma tambaya ce mai nauyi. A garin da kusan kowane gida ya yi zaman makoki ko ya sayar da gona don biyan kuɗin fansa, ta yaya za a ce samari su zauna suna wasan fashi?

Amsata ta farko ita ce labarin yana nan ana ba da shi, mu ne dai ba mu da bakin magana a ciki. Buɗe TikTok ka gani. 'Yan bindiga da kansu suna fitowa da rawani da bindiga a kafaɗa, suna baje damin kuɗi, wasu har rabon kyauta suke yi, ana tura musu lambar asusu. Yaro ɗan shekara sha biyar yana ganin sabon babur da sabuwar waya, amma ba ya ganin matar da aka mayar bazawara kafin a samu kuɗin. Bidiyon sakan talatin ba ya nuna abin da ya biyo baya. Wasan zaune kuwa dole ne a ci gaba da labari mako mai zuwa, kuma yarinyar nan mai gyaɗa da ta gane ka tana nan a garin, mai jan labari bai manta da ita ba.

Ta biyu, wasan yana koyar da wani abu da mu ma masu fushi muke buƙata. Ba kowane ɗan kabu-kabu ne infoma ba. Akwai wanda aka ɗora wa bindiga a ƙeya aka ce ya ja. Akwai ƙauyukan da aka ƙaƙaba wa haraji, suka biya don a bar su su yi noma. Zargi marar hujja ya ci rayukan bayin Allah a wannan yanki, ya kuma ƙara rura wutar gaba tsakanin Hausawa da Fulani da suka daɗe suna cin kasuwa ɗaya. Wanda ya taɓa zama a kujerar direba a wasa, ya ga yadda bashi da tsoro da barazana ke tura mutum mataki-mataki, zai fi iya bambance wanda aka tilasta da wanda ya sayar da garinsu don kwaɗayi. Zai kuma fi saurin gane matakin farko idan shi aka zo wa da tayin.

Ta uku, akwai masu cewa ai jefa ƙwaya caca ce. Babu kuɗin da ake zubawa a wannan wasan, babu mai ci babu wanda ake cinyewa. Amma wanda zuciyarsa ba ta natsu da ƙwaya ba saboda maganar malamai a kanta, ya yanka takardu ya rubuta 1 zuwa 6, ya zuba a hula, a riƙa zara sau biyu ana mayarwa. Lissafin ɗaya ne.

Sai dai ban ce kowa ya dace da wasan ba. Wanda aka taɓa sacewa, ko wanda aka kashe masa uba a gabansa, ba a jawo shi cikin irin wannan labarin sai idan shi ya nema. Wannan ba abin gardama ba ne.

Yadda za a yi shi da mutunci

Kafin a fara, a zauna a tambayi kowa abin da ba ya son a taɓo. Duk abin da mutum ɗaya ya ce a'a, an cire shi, ba sai ya faɗi dalili ba. A kuma yarda cewa ko ana tsakiyar wasa, wanda ya ɗaga hannu an tsaya.

Kada a sa sunan gari na gaske ko na mutum na gaske. Babu mai taka rawar Bello Turji, babu mai ambaton Gatawa ko Bafarawa ko Tozai. Ku ƙirƙiri garinku da kasuwarsa da gulbinsa. Kada kuma a mayar da wasan darasin yadda ake kauce wa jami'an tsaro a hanyoyin da muke bi kullum. Abin da ake nema shi ne abin da ke zuciyar direban, ba taswira ba.

Wanda ya ɗauki direba ya amsa tambaya uku a takardarsa tun farko. Wa yake bin ka bashi? Wa zai fi jin kunya idan aka kama ka? Mene ne abin da ka rantse ba za ka taɓa ɗauka a babur ɗinka ba? Mai jan labari kuma aikinsa ne ya kawo ranar da za a gwada wannan rantsuwar. Duk wanda aka cuta a labarin a ba shi suna da iyali, kada ya zama "wani mutum" kawai. Idan an tashi, a ɗauki minti goma a tattauna: a ina ne mutumin nan ya kamata ya ce a'a, kuma me zai rasa da ya faɗa?

'Yan mata ma ku shigo, ko ku kafa naku zaman. Kun fi mu sanin yadda labari ke yawo a gari da yadda gida ke kasancewa idan ɗa ya fara shigowa da kuɗin da ba a san tushensu ba. Waɗanda ke nesa da juna kuma za su iya yi a guruf ɗin WhatsApp da saƙon murya, datar da zai ci ba ta kai ta kallon bidiyo na awa ɗaya ba.

Akwai wani direban

Abin da ya fi burge ni a wannan rawar shi ne gwanintar ɗaya ce, inda aka juya ta ne ya bambanta. Sanin hanya, sanyin zuciya lokacin da kowa ya rikice, iya tayar da inji a cikin duhu, duk waɗannan su ne kayan aikin wanda ke kwaso mata da yara idan an shigo gari, da wanda ke ɗauko mai naƙuda da tsakar dare zuwa asibiti, da direban motar haya da ke bin hanyar Sabon Birni zuwa Goronyo kullum alhali ya san abin da ke iya faruwa a kowace kwana. Waɗannan su ne direbobin gudu na gaskiya a ƙasar Gobir, kuma babu mai yi musu bidiyo da kiɗa a baya.

Don haka idan kun gama labarin wanda ya jira 'yan fashi, ku juya shi. Wannan karon direban yana da wurin mutum biyu a babur, ga mutum biyar a gabansa, man da ke tanki ba zai kai sawu uku ba. Wa zai fara ɗauka? Zai dawo? A jefa ƙwaya a gani. Na tabbata za ku ga wannan labarin ya fi na farko tsayar da numfashi.

Ƙasar da ta yi Alƙalawa da Bawa Jan Gwarzo ba ta rasa labarin jarumta ba, kuma bai kamata a bar masu baje kuɗin fansa a waya su zama su kaɗai ke gaya wa ƙannenmu ma'anar namiji ba. Ku nemi abokai huɗu, takarda, biro da ƙwayar ludo biyu. Ranar da wani ya zo wa ɗayanku da maganar "sauke su kawai za ka yi ka jira," gara a ce ya taɓa jin wannan maganar a kan tabarma, ya kuma ga inda ta ƙare.